Rok Mai Dogon Zango: Abin Da Makaɗan Yamai Suka Riga Mu Gani

A makon nan za mu jingine zancen siyasa da tsadar kayan masarufi, mu taɓa maganar kiɗa, saboda wata tambaya da samari masu sha'awar jita suka sha yi mini a nan Jimeta. Cewa suke yi, shin wanda ya tashi a bakin kogin Binuwai zai iya tsara irin dogon kiɗan nan na Turawa da akan shafe minti ashirin ba a kai ƙarshensa ba, ko kuwa sai wanda aka yanke wa cibiya a Landan? Amsa ita ce zai iya, har ma an riga an yi a maƙwabtanmu. Amma bari mu fara sanin abin da ake magana a kansa.

Shi dai kiɗan rok a Amurka ya tsiro cikin shekarun 1950, daga kiɗe-kiɗen baƙar fata na can da na mutanen karkara. A farkonsa waƙa ba ta cika wuce minti uku ba, domin abin da gidajen rediyo ke so ke nan, kuma ƙaramin faifan garmaho bai ɗaukar abin da ya fi haka da yawa. To, wajen ƙarshen shekarun 1960 sai waɗansu samarin Ingila suka ga cewa tun da babban faifai yana cin minti ashirin da 'yan kai a kowace fuska, babu dalilin da zai sa su tsaya a minti uku. Suka shiga tsara kiɗa kashi-kashi kamar babin littafi, a tashi da sanyi, a hau da ƙarfi, a sauya tafiya, sa'an nan a komo kan karin da aka fara da shi. Turawa suka laƙaba masa suna mai ma'anar rok mai ci gaba. Ni kuwa na fi son in kira shi rok mai dogon zango. Faifan da ƙungiyar King Crimson ta fitar a 1969 shi akan ɗauka a matsayin mabuɗin wannan ƙofa. A 1972 ƙungiyar Yes ta fitar da Close to the Edge, wanda waƙa guda ta minti 18 ta cinye fuska ɗaya ta faifan. A shekarar nan dai Jethro Tull suka yi Thick as a Brick, waƙa ɗaya tak mai sama da minti 40, suka kuma yi wa faifan riga da siffar jaridar ƙauye, labarai da tallace-tallace duk na ƙage. Mu ma'aikatan jarida sai mu ce an taɓa mu.

Tsawo kaɗai ba ya mai da kiɗa wannan iri. Asirin yana wajen ƙirgen bugu. Yawancin kiɗan da muke ji a rediyo bugu huɗu-huɗu yake tafiya, ƙafa ta san inda za ta sauka tun kafin a buga. Su kuwa waɗannan sukan ɗauki bugu biyar ko bakwai, ko su sauya ƙirge a tsakiyar waƙa. Wanda ya saurari waƙar Money ta Pink Floyd, ta 1973, in ya bi ta da tafi zai tarar bakwai-bakwai take tafiya, sai da aka zo wurin jita ta koma huɗu. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai makaɗa sun yi makonni suna gwaji tare, kowa ya haddace inda za a juya.

Daga ina suka samo abin da suka zuba a ciki? Nan ne gizo ke saƙar. Rumbun gidansu suka buɗe. Rick Wakeman na ƙungiyar Yes ya yi karatun kiɗan gargajiyar Turai, kuma babbar ogan ta wata tsohuwar majami'a a Landan ya je ya kaɗa a cikin waccan waƙa ta minti 18. Emerson, Lake da Palmer suka ɗauko kiɗan da wani Barashe mai suna Musogiski ya rubuta wa fiyano a 1874, suka sa masa wutar lantarki a faifansu na 1971. Ian Anderson na Jethro Tull sarewa ya riƙe, yana jan karin waƙoƙin ƙauyukan Birtaniya. Watau kayan aikin na Amurka ne, amma hatsin da aka niƙa na gonar kakanni ne. Wanda ya kwaikwayi sautinsu bai kwaikwayi wannan dabara ba, ya ɗauki kara ya bar zangarniya.

'Yan Afirka ma suna wurin tun da fari. A 1969 aka kafa ƙungiyar Osibisa a Landan, ta su Teddy Osei na Gana da Lasisi Amao ɗan Nijeriya da waɗansu daga tsibiran Karebiyan, kuma Roger Dean, mai zanen da ya yi suna da rigunan faya-fayan Yes, ya zana wa Osibisa giwayen nan masu fukafukai a 1971. Amma Landan ta yi nisa. Mu dawo Jamhuriyar Nijar, inda ake jin harshenmu.

A Yamai akwai ƙungiya mai suna Tal National, wadda Hamadal Issoufou Moumine, da aka fi sani da Almeida, ya kafa a shekarar 2000. Mutumin nan ya taɓa zama ɗan ƙwallo, ya kuma yi aikin shari'a a kotu, ga shi gwanin jita. Ya tara Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Abzinawa a ƙungiya guda, ana waƙa da harsunansu duka. Faifansu mai suna Kaani ya fita duniya a 2013 ta hannun kamfanin FatCat na Ingila, Zoy Zoy ya biyo a 2015, sai Tantabara a 2018, sunan da ba sai an fassara wa Bahaushe ba. Da masu sharhin kiɗa na Turai da Amurka suka ji su, sai suka riƙa kwatanta su da makaɗan rok masu lissafin bugu, domin abin da kunnensu ya sani ke nan. Alhali kuwa tsofaffin waƙoƙin gargajiya na Nijar su ne jarinsu. Sukan ɗauko karin da kowa ya sani tun yana goye, su raba shi tsakanin jita biyu, ɗaya na zagaye a wuri guda kamar mai saƙa, ɗaya na yawo a sama, ga gangunan Turawa, ga kalangu yana magana a tsakani. Ana cikin tafiya uku-uku sai ka ji an koma biyu-biyu ba tare da an tsaya ba, ko a ɗora ɗaya bisa ɗaya, mai rawa ya zaɓi wadda ƙugunsa zai bi. Wannan ɗora uku a kan biyu daɗaɗɗen abu ne a kiɗan Afirka ta Yamma, ba su je makaranta neman sa ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa game da su shi ne yadda suka sami wannan ƙwarewa. A lokacin da Kaani ya fita, sukan yi wasa dare biyar a mako a Yamai, kowane dare kamar awa biyar, kuma suna da makaɗa da yawa har sukan rabu biyu su yi wasa a wurare biyu a dare ɗaya. Mutanen da suka yi shekaru a haka, in mai ganga ya ɗaga gira, sauran sun san za a juya. Ba a ɗakin shiru aka zauna aka rubuta kiɗan ba. A gaban masu rawa aka gwada shi, abin da ya tashe su aka riƙe, abin da ya zaunar da su aka zubar.

Na biyu shi ne Mahamadou Souleymane, wato Mdou Moctar, Ba'abzine daga arewacin Nijar, bahago, wanda ya harhaɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne, faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin na'urar gyaran murya da kiɗan kwamfuta da mawaƙan fina-finan Hausa ke amfani da su. Waƙoƙin suka bi wayoyin hannu daga wannan zuwa wancan har suka kai kunnen wani Ba'amurke mai tattara kiɗan Sahel, Christopher Kirkley. Daga baya Mdou ya kafa cikakkiyar ƙungiya, ya yi Ilana a 2019, Afrique Victime a 2021, da Funeral for Justice a 2024. Waƙar Afrique Victime ta haura minti bakwai, tana farawa a hankali, gudu na ƙaruwa kaɗan-kaɗan har ta zama guguwa, kuma kukan da ke cikinta na halin da Afirka ta shiga ne a hannun 'yan mulkin mallaka da magadansu. Madubinsa na farko shi ne Abdallah Oumbadougou, ɗan ƙasarsu, tare da kiɗan takamba na bukukuwan Abzinawa. Mutum ya fara daga situdiyon Sakkwato irin wanda muke da shi a kowane lungu, ya kai inda ya kai.

Wani zai ce ai mu ma muna da dogayen waƙoƙi, ga Bakandamiyar Alhaji Mamman Shata, ga waƙar Shago ta Ɗan Anace. Gaskiya ne, kuma tsarin ma akwai kama. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun nuna yadda waƙar baka ke da gindi da ɗiya, a tafi a dawo kan gindi, kamar yadda Turawan nan ke komawa kan karinsu na farko. Amma akwai bambanci, kuma shi ne wurin aiki. A wurinmu magana ce ke tsawaita waƙa, kiɗa kuwa yana riƙe da tafiya kusan guda daga farko har ƙarshe, domin aikinsa shi ne ya ɗauki nauyin harshen mawaƙi. A rok mai dogon zango kiɗan ne da kansa ke ba da labari, ko da mawaƙi ya yi shiru minti biyar. Wanda zai haɗa fasahar maganar Shata da kiɗan da ke sauya kama, shi ne zai kawo abin da ba a taɓa ji ba, kuma a ganina ɗan Adamawa ya fi kowa kayan yin haka.

Dubi abin da ke kewaye da mu. Tun da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841 fada ba ta rabu da algaita da kakaki da ganguna ba, kuma wanda ya tsaya ya saurari mai algaita ranar hawan Salla, yadda yake jan sauti ba yankewa, ya ji abin da masu jitar lantarki ke wahalar nema da na'urori. Ga wambaaɓe na Fulani da molonsu da gogensu. Ga gangunan Bwatiye a Numan da Demsa. Ga tsinza ta mutanen Bura a wajen Garkiɗa, katakai jere da ƙahonin shanu a ƙarƙashinsu, wadda ita kaɗai ta isa a gina kashi guda na waƙa a kanta. Ga zumuntar mata a majami'u da tulunansu da amshinsu mai hawa-hawa. Jimeta kuwa, tun tana tashar jiragen ruwa, ita ce mahaɗar duk waɗannan. In ka bi kogin nan sama zuwa Garwa ta Kamaru, marigayi Ali Baba da ƙungiyar Faadah Kawtal ta su Isnebo sun riga sun nuna cewa Fulatanci yana zama daram a kan kayan kiɗan zamani. A Kaduna ma marigayi Bala Miller ya riƙe babbar ƙungiya mai waƙa da Hausa shekaru da dama.

To, me ya hana? Tun daga ƙarshen shekarun 1990, da fiyanon Yamaha ta shiga harkar waƙoƙin fina-finai a Kano, mutum guda ya zama shi ne mai ganga, shi ne mai algaita, shi ne mai goge. Ba na zargin kowa, domin abin ya sauƙaƙa wa talaka, ya kuma ciyar da gidaje masu yawa. Sai dai na'ura bugun da aka ɗora ta a kai shi za ta yi ta maimaitawa, kuma yaron da ya tashi da ita kunnensa yakan saba da tafiya guda. Ga kuma batun kuɗi. Ƙungiyar mutum shida baki shida ne, ga man janareta na kowane gwaji, ga tsadar igiyar jita, alhali mai biki yana iya ɗauko yaro guda da lasifika ya biya shi kaɗan. Akwai kuma tsohon rainin da ake yi wa makaɗi, wanda ke sa ɗan gidan mutunci ya ɓoye jitarsa a ɗakin aboki. Mdou Moctar ma iyayensa ba su so ba da farko.

Duk da haka masu hannu suna nan. Matasan da ke kaɗa ganguna da jita a majami'un Jimeta da Numan kowace Lahadi sun saba wasa tare, makaɗan fada da na bukukuwa kuma suna riƙe da karin da ba a rubuta ba. Ɓangarorin nan biyu ba su cika zama ɗaki ɗaya ba, kuma tsofaffin cikinsu suna ta tafiya da abin da ke kansu. Shawarata ga samarin da suka yi tambaya ita ce su nemi mutum huɗu ko biyar da za su jure gwaji sau uku a mako har shekara, su je wurin dattijo guda mai algaita ko mai tsinza da goronsu, su nemi izni su koyi kari biyu ko uku daga bakinsa, su biya shi hakkinsa, su kuma ambaci sunansa a kan abin da suka fitar. Sa'an nan su jarraba ɗinke karin nan a waƙa guda ta minti goma, su kai ta gaban masu rawa a wani biki a Jambutu ko Luggere, su ga a wane wuri ne mutane za su koma kujera.