Ruwan Mars: tukuna a ga guga ya jiƙe

Wanda ya san koramun karkarar Kusada a tsakiyar rani ya iya karanta tarihin ruwa a inda babu ko ɗigonsa. Ga yashi shimfiɗe, ga tsakuwar da gudu ya mulmule, ga gaɓar da ambaliya ta zaizaye. Ba sai an rantse masa cewa ruwa ya bi ta wurin ba.

Da irin wannan karatu masana suka gamsu cewa ruwa ya taɓa gudana a duniyar Mars, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. A 1972 kumbon Mariner 9 na Amurka ya aiko da hotunan kwaruruka masu kama da hanyoyin koguna. A 2012 motar bincike ta Curiosity ta iske mulmulallun tsakuwa manne cikin dutse a ramin Gale. Perseverance kuwa, a 2021, ta sauka a ramin Jezero, inda wani kogi ya jibge laka a bakin tafki fiye da shekara biliyan 3 da suka wuce. Ƙanƙara ma tana nan har yau, domin kumbon Phoenix ya kankare ƙasa a 2008 ya same ta.

Inda ya kamata mai karatu ya ja birki shi ne kanun labaran da ke cewa an gano ruwa mai gudana a yanzu. Nauyin iskar Mars bai kai kashi 1 cikin 100 na iskar duniya ba, saboda haka ruwan da ya fito fili sai ya daskare ko ya ƙafe. A 2015 hukumar NASA ta danganta wasu baƙaƙen zane a jikin tuddai da ruwan gishiri. Bayan shekara biyu wani nazari ya nuna sun fi kama da busasshen yashi mai gangarowa. A 2018 masanan Italiya suka ce na'urar rada ta nuna tafki kimanin kilomita 1.5 ƙarƙashin ƙanƙarar kudancin Mars. Wasu suka amsa cewa yumɓu ma kan iya ba da wannan alama.

Wannan gardama ba baƙuwa ba ce ga mai haƙar burtsatse a yankin Kankia da Kusada, inda ƙasa ke zaune kan dutse mai tauri, ruwa kuma ke ɓuya cikin tsagogi da ruɓaɓɓen dutse. Ana auna wuri da lantarki kafin haƙa, amma yumɓu kan yaudari na'urar, a kashe kuɗin gari, rijiya ta fito a bushe. Shi ya sa ba a murna sai famfo ya tofo.

A Mars ba a kai ko kusa da wannan mataki ba. Na'urar haƙa da Jamus ta ƙera wa kumbon InSight an so ta nutsa mita 5, amma aka haƙura da ita a Janairun 2021 ba ta kai rabin mita ba.