DANDALIN 'YAN MATA: Saurayina DJ Ne, Kunnensa Ɗaya Ba Ya Ji

 Ina gaishe da duk waɗanda suka turo min wasiƙu, wadda ba ta ga amsarta ba ta ƙara haƙuri, layi ne. A wannan watan na zaɓo wasiƙar wata ƙanwata daga Zariya, na kuma sakaya sunanta kamar yadda ta roƙa. Ga abin da take cewa:

"Anti, wallahi ina cikin damuwa. Shekararmu biyu da saurayina, sana'arsa DJ, shi ke sa kiɗa a wajen kamu da dina, yana kuma haɗa sauti a situdiyo. Tun yana ɗan shekara tara ya yi hangum, kunnensa na hagu ya daina ji. Da maganar turo magabata ta taso sai Umma ta ce ita ba za ta haɗa jini da kurame ba. Ƙawayena kuma dariya suke min, wai ina aka taɓa ganin kurma na haɗa kiɗa. Sannan kwanan nan in ya dawo daga biki yakan ce ɗaya kunnen na yi masa ƙara har gari ya waye. Anti ki ba ni shawara."

To ƙanwata, share hawayenki. Abubuwa uku kika kawo min, biyu a ciki masu sauƙi ne, na ukun da kika sa a ƙarshe kamar ba komai ba, shi ne ya hana ni barci.

Mu fara da Umma. Uwa ba ta ƙin ɗiyarta da alheri, tsoro ne ya kama ta, don haka kada ki kuskura ki ɗaga mata murya. Gaskiya ne akwai kurumtar da ake gado, amma wadda ciwo ya jawo daban take. Hangum, ƙyanda da sanƙarau duk suna kashe kunne, shi hangum ma an san shi da kama kunne guda ya bar guda. Abin da ciwo ya yi wa mutum bayan an haife shi lafiya ba ya bin jini, kamar yadda wanda ya karye a ƙafa ba ya haifar gurgu. Iyayenmu ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, yaran da suka tashi da raunin ji a lokacin yau ga su nan da iyalansu. Ki samu wata gwaggo ko yaya da Umma ke jin nauyinta, ta zauna da ita cikin lalama, shi kuma ya kawo takardar likita. Takarda ɗaya ta fi rantsuwa goma.

Su kuwa ƙawayenki, haba 'yan mata, ku riƙa tambaya kafin dariya mana. A Amurka an yi wani mawaƙi, Brian Wilson na ƙungiyar Beach Boys, wanda ya rasu a 2025. Tun yana yaro kunnensa na dama kusan a mace yake, amma da kunne ɗayan nan ya haɗa faifan Pet Sounds a 1966, faifan da har yau masana kiɗa ke sara masa. A Sikotland akwai Evelyn Glennie, mace ce kamar mu, ta kurumce tana 'yar shekara 12, ta zama shahararriyar makaɗiya, takan cire takalmi ta tsaya ƙafa ba komai domin ta ji amon ganga ta tafin ƙafarta.

Bari in gaya muku yadda aikin yake. DJ mai kunne biyu yakan ɗora abin sauraro a kunne guda yana jin waƙar da zai saka nan gaba, ɗaya kunnen kuma na sauraren wadda mutane ke rawa da ita, sai ya daidaita bugunsu ya zura wannan cikin waccan ba tare da amarya da ƙawayenta sun ji tuntuɓe ba. Mai kunne ɗaya kuwa, a jikin miksa akwai maɓallin da zai haɗa masa waƙoƙin biyu a abin sauraronsa, ya kuma mayar da sautin dama da na hagu wuri guda don kada rabin kiɗan ya tafi kunnen da ba ya ji. Sannan ga ido. Manhajoji irin su VirtualDJ da Serato suna zana kowace waƙa a fuskar kwamfuta kamar tsaunuka, inda ganga ta buga sai tsaunin ya yi tsini, suna kuma rubuta adadin bugu nawa waƙa ke yi a minti ɗaya. Ga fitilun miksa, kore lafiya, ja an wuce gona da iri. Hausawa suka ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ƙari a kan haka, amon ganga mai nauyi yana girgiza tebur da ƙasa, hannu da ƙafa na jinsa. Kun ga ke nan kunne guda bai hana shi cin abinci ba.

To yanzu ga babbar magana, ƙanwata ki buɗe kunnenki da kyau. Kunnen da ya mutu ya riga ya mutu, ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne wanda ya saura, domin shi ne jarinsa, shi ne shagonsa, da shi kuma zai ji kukan ɗanku in Allah Ya kawo. Ƙarar nan da yake ji bayan biki kuka ne kunnen ke yi yana neman agaji. Can ciki bayan dodon kunne akwai wani ɗan abu mai siffar katantanwa, cike da ƙananan gasu kimanin dubu 15. Ƙara mai ƙarfi na kwantar da su kamar yadda shanu ke tattake ciyawa, in tattakewar ta yi yawa sai su mutu, wanda ya mutu kuwa ba ya sake tsirowa, babu allura babu rubutu.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira irin ta ni da ke wajen 60 ce. A kan 85, awa takwas ne iyakar da masana suka yanka wa ma'aikaci a rana, duk ƙarin uku kuma lokacin na raguwa da rabi, har in an kai 100 ya zama minti 15 kacal. Ki tuna awa nawa ake yi a wajen dina ɗaya, shi kuma yana tsaye dab da sipika. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda sauraren ƙara, shi ya sa a 2022 ta fitar da ƙa'idar kada wuraren shagali su wuce desibel 100.

Mugun abin shi ne siraran sautuka ke fara tafiya, irin na "s" da "f" da kukan tsuntsu. DJ ɗin da ya fara rasa su sai ya ga kamar kiɗan ne ya dushe, ya ƙara murɗa maɓalli, ya cuci kansa ya cuci 'yan biki har da jariran da ke goye.

Don haka ga sharuɗɗan da za ki gindaya masa, cikin shagwaɓa ko cikin faɗa, ke kika san mutuminki. Na farko, ya je a gwada masa ji a ɓangaren kunne, hanci da maƙogwaro, ga asibitin koyarwa na Shika kusa da ku, ga kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, ya riƙa maimaitawa duk shekara. Na biyu, ya sayi abin toshe kunne irin na makaɗa, wanda ke rage ƙarfi bai dusar da kiɗa ba. Na uku, teburinsa ya koma bayan sipika, ya riƙa fita yana hutar da kunnen, washegarin biki kuma ya ƙaurace wa ƙara. Na huɗu, ya samu yaro mai lafiyayyen ji da zai riƙa zagaya zauren yana gaya masa gaskiya, a situdiyo ma kada ya sallami waƙa sai wani kunne ya saurara. Na biyar, ban da ashana ko gashin kaza a kunne, ban da allurar kemis ba da izinin likita ba, domin irin su gentamicin na iya taɓa ji. In kuwa ya wayi gari jin ya ragu farat ɗaya, a ranar zai tafi asibiti, ba a cewa sai gobe.

Ke ma da naki aikin. Mai kunne ɗaya yana wahalar gane ta ina sauti ya fito, cikin hayaniya kuma magana na kuɓuce masa. Ki riƙa zama ta damarsa, ki dube shi in za ki yi magana, kada ki ƙwala masa kira daga kicin sannan ki kumbura wai ya share ki. A littattafanmu na soyayya saurayi kullum dogo ne, mai dogon hanci, ba ko tabo, amma a gidan aure kowa da inda yake masa yoyo. Wanda zai karɓi shawararki ya kula da kansa saboda ke, ya fi mai kunne biyu da ba ya jin magana.

Ku ma sauran 'yan mata masu kwana da abin sauraro a kunne, in na kusa da ke na jin waƙar da kike ji, to rage. A wajen biki kuma a daina rububin kujerar gaban sipika.

Allah Ya daidaita ku ƙanwata, Ya sanyaya zuciyar Umma, in an sa rana kada a manta da katina. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, ku huta lafiya.