Kafin Ka Kai Ɗanka Gareji

Da zarar an gama girbi, an ɗaure dawa an kai rumbu, sai ka ga samari sun cika tasha da 'yan ƙunshin kayansu. Waɗansu cin rani za su, su dawo da ruwan fari. Waɗansu kuwa iyayensu ne suka sa su gaba, za a kai su birni koyon sana'a. A cikin sana'o'in nan akwai wadda nake so mu duba yau, wato gyaran jikin mota, aikin da ake kira fanel-bita, tare da ɗan'uwansa feshin fenti.

Sana'a ce mai kyau, kada kowa ya rena ta. Muddin mota tana hawa hanya, sai wani ya goge ta, sai ta faɗa rami, sai tsatsa ta ci gindin ƙofarta. Wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Farin Gada a Jos, ya san ƙarar guduma ba ta yankewa daga safe har faɗuwar rana. Bayan da aka cire tallafin man fetur a 2023, darajar naira kuma ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin mutane, sai kowa ya koma lallaɓa tsohuwarsa. Ga kuma motocin da suka yi haɗari a Amurka, ana shigo da su a lanƙwashe a miƙe su a nan. Yaron da ya iya aikin ba dole ne ya tabbata a birni ba. Akori-kurar da ke kai mu kasuwa tana bukatarsa, haka a-daidaita-sahu, kuma hannun da ya iya walda ba zai rasa garmar shanu ko amalanke da zai gyara ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke ba da yaran. Uba ya ɗauki ɗansa, ya riƙe goro da kaza, ya je wurin wani da aka ce ɗan garinmu ne, ya ce, "Ga amana na kawo maka." Oga ya ce, "Ba komai, ai ɗana ne." Shi ke nan. Ba a faɗi shekara nawa ba, ba a faɗi inda zai kwana ba, ba a faɗi abin da za a koya masa ba. Uban ya hau mota ya koma gida. In za mu ba wani kiwon saniya, muna kiran shaidu, mu faɗi yadda za a raba 'ya'yanta. To, don me ɗan mutum zai kasa saniya daraja?

Abin da ke biyo baya kowa ya sani. Yaro ya shekara uku yana ɗebo ruwa, yana sayo abinci, yana goge fila da samfefa har zanen yatsunsa ya shafe, amma ba a taɓa ba shi guduma a ce ya fid da lotsawa ba. Da dare ya kwana cikin motar da aka kawo gyara. Ranar da ya tambayi yaushe za a yaye shi, sai a lissafa masa kuɗi da akuya da katan-katan na lemo waɗanda ubansa ba zai iya saya ba. Ba na cewa dukan masu gareji haka suke. Su ma suna da kukansu, kuma gaskiya ne. Yaro yakan ci abincin oga shekara biyu, da ya ga ya fara iya riƙe wutar walda sai ya gudu, ya kafa rumfa a tsallaken titi, ya janye masu kawo aiki. Saboda haka oga yakan ɓoye sani. Kowa yana tsoron kowa, gama ba abin da ya ɗaure su.

Maganin wannan takarda ce. Wani zai ce, "Ai neman takarda rashin yarda ne, oga zai ji haushi." Ni kuwa na ce ogan da ya ji haushin takarda ya riga ya nuna maka halinsa tun ba ka bar masa yaro ba. Ba kuma sabon abu ba ne. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ce uba ko mai riƙo yana iya ba da yaron da ya wuce shekara 12 amma bai kai 16 ba domin koyon sana'a, da yardar yaron, a rubuce, kuma kada ya wuce shekara 5. Ta ce jami'in ƙwadago ya shaida yarjejeniyar. In ofishinsu ya yi nisa, ko kaɗan a samu mai unguwa, da wani dattijo daga kowane gefe, da shugaban ƙungiyar kanikawa na wurin, su sa hannu. A rubuta yawan shekaru, da ci da kwana, da wanda zai biya magani, da kuɗin yaye tun daga farko. A rubuta ko za a sake shi ya zo noma da damina. Abu mafi girma, a rubuta abin da zai koya a kowace shekara.

Amma kafin takarda, sai an zaɓi oga. Kada ka duba yawan motocin da ke ƙofarsa ko ƙyallin fentinsa. Zauna a garejin yini guda ka sa ido. Gwanin gaske yakan tara wani ɗan ƙarfe ta bayan lotsawar, yana bugu a hankali ta gaba, yana shafawa da tafin hannu, har ƙarfen ya koma kusa da yadda yake. Sa'an nan ya shafa fila kaɗan domin ta cike 'yan ramukan da suka rage. Mai gaggawa kuwa ba ruwansa da wannan wahala. Sai ya kwaɓa fila ya yaɓa kamar mai yaɓen ɗaki, ya goge, a fesa fenti. Ranar karɓa mota tana walƙiya. Bayan damina ɗaya da hanyarmu mai gargada, sai ta tsage ta fara zubowa. Ko maganaɗisu ya isa ya tona asirin irin wannan aiki: a jikin ƙarfe yana kamawa, inda fila ta yi kauri kuwa sai ya faɗi.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Yawancin manyan ogogi sun koyi aiki a kan motoci irin su Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975. Ƙarfenta mai taushi ne, a gasa shi da wuta ya yi ja, a buga, ya koma. Motar yanzu ba haka take ba. An yi ginshiƙan ƙofofinta da wani ƙarfe marar kauri mai tsananin ƙarfi, wanda in aka gasa shi sai ƙarfinsa ya tafi, ko da ido bai ga bambanci ba. An kuma yi gabanta yadda zai lanƙwashe ya shanye bugu, domin mutanen ciki su tsira. Bamba ta zama roba, waɗansu sassa na alminiyam ne, ga jakar iska a sitiyari da wayoyinta. Wanda ya gasa ginshiƙi ya miƙe shi, ko ya yanka motoci biyu ya haɗa gaban wannan da bayan waccan, ko ya rufe gurbin jakar iska ba komai a ciki, ya yi tarko ne. Wa zai shiga motar? Matanmu ne da kayan kasuwa, da 'yan makaranta. Tambayi oga yadda yake yi da irin wannan. In ya yi dariya ya ce ƙarfe ƙarfe ne, nemi wani.

Duba kuma lafiyar yaran da ke wurin. Kabaid da ake zuba wa ruwa a tukunya yana ba da iskar da ke ci da wuta, kuma tukunyar takan fashe in wuta ta koma ta cikin tiyo. Tankin mai da aka zazzage ya fi haɗari, gama tururin da ya rage ciki shi ne ke tashi. Hasken waldar lantarki yana ƙona ido, yaro ya kwana yana ji kamar an zuba masa yashi. Fentin zamani da ake gauraya da maganin taurarawa yana ɗauke da guba mai kawo ciwon asma, wanda in ya kama mutum yakan raba shi da sana'ar. Masu feshi da yawa sun gaskata gwangwanin madara yana wanke ƙirji. Ina! Madara ciki take zuwa, fenti kuwa huhu yake shiga. Tsumma a hanci ma ba ya tare shi. Ana bukatar abin rufe fuska na ainihi da fili mai iska. In oga ba ya sa tabarau da kansa, ba zai saya wa ɗanka ba.

Kuskure ne mu ce sai yaron da boko ya gagara za a kai gareji. Gwangwanin fenti yana da rubutun yadda za a auna, kowace mota tana da lambar launinta, ga lissafin kuɗin aiki. A bar yaro ya iya karatu da lissafi tukuna, ko ya shiga ajin yamma. In ya ƙware, ya je ya yi jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, wadda ake farawa daga mataki na 3 har zuwa na 1, ko ta hukumar NABTEB da aka kafa a 1992. Hukumar ITF mai hedkwata a Jos tun kafuwarta a 1971 aikinta horon ma'aikata ne, hukumar NDE kuma tana da shirin haɗa matasa da masu sana'a. A je ofishinsu na jiha a yi tambaya, ba a biyan kuɗin tambaya. Takardar shaida ita ce ke buɗe ƙofar kamfani da aikin gwamnati, inda ba wanda ya san sunan oganka.

Sauran aikin na uba ne. Ya riƙa zuwa ba tare da sanarwa ba, ko sau biyu a shekara, ya ga makwancin yaron, ya ce a nuna masa abin da ya gyara da hannunsa. Kowace kaka kuma ya ware buhu ɗaya ya sayar, ya sayi guduma bana, tabarau da tiyo baɗi, injin goge ƙarfe shekara mai biye, ya ajiye su a gida har ranar yaye.