Tuhumar Maye a Bakin Shinge



Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya da dare ya san yadda al'amarin yake gudana: a hango tocila tana lilo daga nesa, direba ya rage gudu ya ratse gefe, jami'i ya leƙo ta taga ya haska masa fuska, in ya ga idanu sun yi ja ya ce masa ya sauko. Daga wannan lokaci an shiga hurumin shari'a, kuma kowane ɗayansu akwai haƙƙin da ya rataya a wuyansa.

Babu mai hankalin da zai yi jayayya a kan cewa mutumin da ya gusar da hankalinsa, sa'an nan ya kama sitiyari alhali rayukan bayin Allah suna bayansa, ya cancanci a tsare shi tun bai yi ta'adi ba. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana aiki da haddin giram 0.05 na barasa cikin kowace mililita 100 ta jini, akwai kuma na'urar da ake hura wa numfashi domin a auna.

Sai dai na'urar nan barasa kaɗai take ganewa, alhali kuwa abin da ya fi addabar tashoshin motarmu shi ne tiramol, da tabar wiwi, da maganin tari mai kodin wanda gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018. Idan na'ura ta yi shiru, babu abin da ya rage wa jami'i face zatonsa. Jan ido kuwa, kamar yadda kowane ɗan kamasho zai shaida, yana samun wanda ya kwana yana tuƙi daga Legas ko da bai kurɓi komai ba sai shayi.

Fuƙaha'unmu sun daɗe da tattauna irin wannan mas'ala. Imamu Malik ya karɓi warin giya a matsayin hujja, amma da sharaɗin adilai biyu su shaida shi. Imamu Shafi'i kuwa bai yarda a tsayar da haddi a kan wari kaɗai ba, saboda shubuhar da ke cikinsa. Ko wanda ya tsananta a cikinsu bai bar al'amarin a hannun mutum guda ba.

Dokar ƙasa ma ba ta bar shi haka ba. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda aka kama ikon yin shiru har ya gana da lauya, ya wajabta a sanar da shi dalilin kamun a rubuce, cikin harshen da yake ji, kafin sa'o'i 24 su cika, kuma a gurfanar da shi cikin kwana guda matuƙar akwai kotu a tazarar kilomita 40. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta haramta kama wani a madadin wani, saboda haka tsare kwandasta ko ƙanin direba don maigidan ya tsere zalunci ne tsantsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, wallahi, shi ne kalmar nan ta "a sasanta", domin idan aka sasanta a bakin shinge, mai gaskiya ya yi asarar kuɗinsa a banza, mashayin kuwa ya koma kujerarsa ya ci gaba da tafiya da fasinjoji. Hanyar da ta dace ita ce a sauke direban da ake tuhuma, a nema wa fasinjoji wata motar, a kai shi asibitin gwamnati a gwada jininsa ko fitsarinsa a daren, likita ya sa hannu, sa'an nan takardar ta isa gaban majistare tare da shi da safe.