A Bar Aikin Matar Soja Ya Bi Ta Duk Inda Aka Kai Mijinta

Malam Edita,

Ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan matan sojoji, musamman matan kurata da su kofur da saje.

Kowa ya san soja ba shi da gari. Yau yana barikin Bukavu a Kano, gobe a ce ya tattara ya nufi Maimalari a Maiduguri ko Rukuba a Jos. Shi dai albashinsa na biye da shi. Matarsa fa? In malamar firamare ce, aikinta na jihar da ta baro ne, ba ya tsallake iyaka. Ta je sabuwar jiha neman aiki, sai a ce ta kawo takardar shaidar 'yar asalin jiha. Ina za ta samo ta? In kuwa tela ce ko mai sayar da abinci, ta bar masu cinikinta, ta bar bashin da take bin mutane, wani lokaci har adashi ta bari ba ta kwasa ba. Duk ɗan kasuwa ya san ciwon sake kafa ciniki a baƙon wuri.

Kuma ba ragwaye ba ne. Kasuwar Mami da ke barikokinmu matar soja ce ta faro ta, Mami Ochefu, da ta soma sayar wa sojoji kunu a barikin Inugu a 1959. Amma yau shiga kasuwar ka ƙirga rumfuna nawa ne ke hannun matan ƙananan sojoji. Mai jari daga cikin gari ya fi su ƙarfin kama rumfa.

A Amurka, tun 2008 Shugaba Bush ya ba ma'aikatun gwamnatin tarayya damar ɗaukar matar sojan da aka yi wa canjin wuri ba sai ta yi takara da sauran masu nema ba. A 2023 kuma suka yi doka cewa lasisinta na aiki, kamar na nas, zai ci gaba da aiki a jihar da aka kai mijin.

Mun gode wa NAOWA da DEPOWA da ke koya wa mata ɗinki da sauran sana'o'i, amma keken ɗinki ba ya maye wa malama aikinta. Ina kira ga gwamnoni su yarda takardar canjin wurin miji ta wadatar a karɓi matarsa aiki. Makarantu da asibitocin bariki kuma su fara duba su kafin na waje.

Rumfunan Mami kuwa, a ware wasu a damƙa rabonsu hannun Magajiyar bariki, ita ta san gidan da ba a ɗora tukunya ba. A fara da matan da mazajensu suka rasu a yaƙin Boko Haram tun daga 2009, tun kafin a zo karɓar mabuɗin ɗakin da suke zaune da marayu.

Naku,
Wani ɗan tireda, Kaduna.