Daga Bakin Allo: Bikin Yaro, Ba Na Unguwa Ba

Bikin zagayowar ranar haihuwa ya shigo mana Pissy da Zongo ta hanyar lakwal: gato, balan-balan, lasifika har dare. Yara da yawa na murna, amma ga yaro mai galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, ranar azaba ce. Ƙara da cunkoso da sauyin abin da ya saba su ke firgita shi, sai ya toshe kunne ko ya yi ta ihu. Ba aljanu ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba. Tun 1943 likita Leo Kanner ya bayyana cewa irin waɗannan yara na tsananin son komai ya zauna yadda yake.

To, iyaye, a auna bikin da ƙarfin yaro. Kwana uku kafin ranar a zana masa abin da zai faru, ɗaya bayan ɗaya. A gayyaci yara biyu ko uku da ya sani. A kashe lasifika, a bar balan-balan, don fashewarsu na razana shi. A ba shi abincin da ya saba, ko da tuwo ne. A keɓe masa ɗaki shiru, in ya shige kada a jawo shi don gaida baƙi. Awa ɗaya ta isa. Haka za a yi ran suna da Sallah.

In firgicin ya yawaita, a kai shi asibitin yara na Charles de Gaulle. Allah ya raya mana zuriya, amin.