Barasa a Kwalbar Magani: Abin da Dokar NAFDAC Ba Za Ta Yi Maka Ba

A watan Fabrairun 2024 hukumar NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta sanar da fara aiwatar da haramcin sayar da barasa a 'yan ledoji da ƙananan kwalabe da ba su kai mililita 200 ba. Tun a 2018 aka cimma yarjejeniya da kamfanoni, aka ba su shekara biyar su daina. Dalilin hukumar shi ne arha da sauƙin ɓoyewa sun sa barasa ta isa hannun yara.

Matakin yana da kyau, amma girman mazubi ya taɓa, bai taɓa abin da ke ciki ba. A kasuwannin Yauri, Wara da Shanga, barasa ba kullum take zuwa da sunanta ba. Takan zo da sunan maganin basir, maganin sanyi ko na ƙarfin maza, mutumin da bai taɓa kusantar giya ba ya saya da zuciya ɗaya.

Don haka kafin ka biya, juya kwalbar ka nemi lamba mai alamar % kusa da rubutun "Alc." ko "vol". Ita ce ke faɗin yawan barasa. Giyar kwalba takan kai kashi 5 cikin ɗari, ta inabi 12 zuwa 14, masu zafi kuwa 40. 'Yar leda mai mililita 30 da aka rubuta wa 40% tana ɗauke da mililita 12 na tsantsar barasa. Wasu magungunan ɗaci ma sun fi giyar inabi ƙarfi.

Ruwan inabin biki mai rubutun "non-alcoholic" shi ma a duba shi. A ƙasashe da dama doka ta yarda a kira abin sha haka ko da akwai ɗigon barasa har 0.5%. Mai son kauce mata gaba ɗaya ya nemi 0.0%. Mai ciwon suga kuma ya sani yawancinsu cike suke da sukari.

Masunta da direbobin jiragen ruwa a tafkin Kainji su fi kowa kiyayewa. Ɗumin da barasa ke sawa yaudara ce: tana buɗe jijiyoyin fata, zafin jiki ya riƙa fita da sauri, sannan ta rage kuzarin iyo da saurin yanke shawara. Ga mai ciwon hanta, gyambon ciki ko hawan jini, da mai juna biyu, da mai shan Flagyl, kaɗan ma illa ce.

Lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa babu barasa, ko cewa yana warkarwa. Kwalbar da ba ta da rubutu sam, a bar ta. Idan ba ka iya karantawa, kai ta wurin ma'aikacin lafiya ya duba, kuma duk ranar zuwa asibiti a tafi da ita.